Muhawara: Yadda Sinawa ke tarbar sabuwar shekararsu

Alhaji Sabo:
Assalamu alaikum jama'a. Duk shekara da Janairu ta kama sai ka ji 'yan kasuwa a Kwari da Wambai suna cewa "Chana ta kusa rufewa". Kowa ya san akwai biki, amma kaɗan ne suka san yadda yake. Don Allah waɗanda suka san abin su warware mana: me ya sa ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya, me ake yi a gidajensu, kuma me baƙo ko abokin ciniki ya kamata ya kiyaye?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mu fara da lissafin, don shi ne tushe. Sunan bikin a wurinsu Chunjie, wato bikin bazara. Kalandarsu ta gargajiya tana bin wata, amma tana ɗaure da rana. Watansu kwana 29 ne ko 30 kamar namu na Hijira, sai dai ba sa fita duban wata. Lissafi suke yi, ranar da wata ya ɓuya gaba ɗaya ita ce ɗaya ga wata, shi ya sa sukan riga mu da kwana ɗaya ko biyu.

Wata 12 kwana 354 ne, ya gaza shekarar rana da kusan kwana 11. Shekarar Hijira tana barin wannan giɓi, shi ya sa azumi ke zagaya damina da hunturu. Su kuwa suna cike shi: a cikin kowace shekara 19 akwai shekaru 7 masu wata 13. A 2023 sun maimaita wata na biyu, a 2025 sun maimaita na shida. Da haka bikin ba ya fita daga tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu.

Ranakun: 10 ga Fabrairu 2024, 29 ga Janairu 2025, 17 ga Fabrairu 2026, 6 ga Fabrairu 2027, 26 ga Janairu 2028. Kowace shekara da dabbarta a jerin 12: ɓera, sa, damisa, zomo, dodon da suke kira long, maciji, doki, akuya, biri, zakara, kare, alade. 2026 ta doki ce, 2027 ta akuya, 2028 ta biri.

Nura:
Malam, ƙarin bayani kaɗan. Sunan Chunjie bai tsufa kamar bikin ba. Bayan faɗuwar daular Qing, gwamnatin jamhuriya ta koma kalandar Turawa a 1912, aka ɗauki tsohon sunan ranar, Yuandan, aka maƙala wa 1 ga Janairu. A bakin mutane har gobe "guonian" ake cewa, ma'ana tsallake shekara. A Disambar 2024 kuma UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun gado na bil'adama.

Hajiya Rabi:
Alhaji, kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka biki na kwana ɗaya ne. Shiri yana farawa tun 8 ga watan ƙarshe, ranar Laba. Ranar ake dafa fate na haɗin hatsi: shinkafa, gero, jan wake, gyaɗa, busasshen jan dabinonsu da sauransu. A arewacin ƙasar ranar ce ake ɓare tafarnuwa a zuba a kwalba a cika da ruwan khal na shinkafa a rufe. Kafin daren biki ta rikiɗe ta koma kore shar, da ita ake cin jiaozi, ƙullin fulawa mai nama a ciki. Idan ba ta yi kore ba, yawanci sabuwar tafarnuwa ce da ba ta sha sanyi ba, don sai wadda ta daɗe cikin sanyi take canza launi.

Sai 23 ga wata, ranar da suke kira ƙaramar shekara. A imaninsu na gargajiya akwai abin bautar murhu, Zao Jun, wanda hotonsa ke manne a madafa, kuma ranar yake tafiya sama ya kai rahoton mutanen gidan. Sai a ajiye masa alewa mai danƙo, don bakinsa ya yi zaƙi ko ya manne. A ƙone tsohon hoton, daren biki a manna sabo. Daga nan sai sharar gida gaba ɗaya: yanar gizo-gizo, bayan kabad, labule, tagogi, tukwane. Kalmar ƙura, chen, sautinta ɗaya da kalmar tsohon abu, saboda haka share ƙura fitar da tsohuwar shekara ne.

Nura:
Hajiya, 23 ɗin na arewa ne. Yawancin kudu 24 suke yi. Yana da kyau a riƙe wannan bambanci, don 'yan kasuwarmu Guangzhou da Yiwu suke zuwa, duka kuma kudu ne. Abubuwa da yawa da ake nunawa a talabijin al'adar Beijing ce.

Hajiya Rabi:
Gaskiyarka ƙanena, 24 ne a kudu. A Guangzhou ma babbar sharar 28 ga wata aka fi danganta ta da ita, sannan kwana uku na ƙarshe kasuwannin furanni ke ci har tsakar daren biki. Abin da aka fi saye shi ne ƙaramar bishiyar lemo a tukunya cike da 'ya'ya, da reshen bishiyar da suke kira tao mai fure ruwan hoda.

Malam Habu:
Bari in taɓa jajayen takardun ƙofa, chunlian, don nan ne har su kansu suke kuskure. Guda uku ne: dogaye biyu a gefe da gefen ƙofa, gajere ɗaya a sama. Dogayen baiti biyu ne masu adadin haruffa daidai, 5 ko 7 galibi, kuma kowace kalma tana da abokiyarta a ɗaya layin: suna da suna, aikatau da aikatau.

Wanne ke dama? Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, daidaitaccensa yana da kari huɗu. Layin farko yana ƙarewa da kalma mai kari na uku ko na huɗu, na biyu yana ƙarewa da kari na ɗaya ko na biyu. A tsarin asali, idan kana fuskantar ƙofa layin farko yana damanka, domin tsohon rubutunsu daga dama yake farawa. Amma yanzu ana buga na saman daga hagu zuwa dama, to idan haka ne layin farko ya koma hagu. Ƙa'idar a taƙaice: dubi na sama, inda ya fara can layin farko yake. A cire na bara tukuna, a manna sabo da kunun fulawa ko salatif, kafin a zauna cin abincin daren biki. Gidan da aka yi rasuwa a shekarar ba sa manna ja, a wasu yankuna har shekara uku.

Sani:
Kuma harafin fu, wato albarka, kife shi ake yi. Kalmar kifewa, dao, sautinta ɗaya da isowa, sai ya zama "albarka ta iso".

Malam Habu:
Sani, ba ko'ina ba. Masu riƙo da tsohuwar al'ada suna cewa a babbar ƙofa a miƙe ake manna shi, don kife shi a bakin ƙofa kamar zubar da albarkar waje ne. Kifaffen na cikin gida ne: jikin randa, kabad, mazubin shara, abubuwan da dama juye su ake yi.

Sani:
Na ji Malam, amma a birane kifaffe a ƙofar gida ya zama ruwan dare, har a shagunan kasuwa. Ba wanda ke ganin laifinsa.

Malam Habu:
Ya yaɗu, ban musa ba. Amma wanda zai manna a ƙofar ofis don girmama baƙinsa Sinawa, ya manna a miƙe. Miƙaƙƙe ba mai sukarsa, kifaffe kuwa dattijo zai iya ɗaga gira.

Anti Zulai:
Ku bar ƙofa haka, ku shigo madafa, can ne zuciyar bikin. Daren ƙarshe na shekara sunansa Chuxi, abincin daren kuma nianyefan. Saboda wannan zama ɗaya mutum ke yin tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa. A arewa jiaozi ne sarkin tebur, ƙullin fulawa mai nama a ciki, siffarsa kamar dunƙulen azurfar da ake ciniki da ita a da. Ga yadda ake yi:

Fulawa gram 500, ruwa mara zafi mililita 250, gishiri rabin cokalin shayi. A kwaɓa da tauri, a rufe da ɗanyen ƙyalle minti 30, a sake murzawa har ya yi santsi. Wanda ya tsallake hutun nan zai ga kwaɓin yana tsukewa duk lokacin da ya murza shi. A mulmula shi dogo, a yanka ƙanana kamar gram 10, za a samu wajen 70. A murza kowanne ya yi faɗin santimita 8, ana juya shi da hannun hagu, sandar tana cin gefe kawai. Tsakiya ta fi gefe kauri, don ita ke ɗaukar nauyin nama, gefen kuma ninka shi za a yi.

Haɗin ciki: niƙaƙƙen naman sa ko na rago gram 500 mai ɗan kitse, kabeji gram 500. A yanka kabejin ƙanana, a barbaɗa gishiri, a bar shi minti 15, a matse shi a ƙyalle sosai. Wannan matsewar ita ce rabin aikin. Idan an bar ruwan, haɗin zai tsinke, bakin ƙullin ya ƙi mannewa, su fashe a tukunya. Naman kuma a jiƙa ɗanyar citta da albasa mai lawashi a ruwa kamar mililita 100, a riƙa zuba ruwan kaɗan kaɗan ana juyawa ta ɓangare ɗaya har naman ya shanye ya yi danƙo. Sai baƙin ruwan waken suya cokali biyu, man riɗi cokali ɗaya, kabeji a ƙarshe.

Dahuwa: babbar tukunya, ruwa mai yawa yana tafasa. A zuba kamar 20, kada a cika. A tura su da bayan ludayi don kada su kama ƙasa. Da ya tafaso a zuba rabin kofin ruwan sanyi, a yi haka sau uku. Dalilin shi ne naman ya nuna ba tare da tafasa mai ƙarfi ta yaga fatar ba. Wasu gidaje suna ɓoye tsabar kuɗi da aka wanke a cikin guda ɗaya, wanda ya ci karo da ita an ce shekararsa ce. Inda akwai ƙananan yara sai a sa gyaɗa ko dabino a maimakonta.

Nura:
Anti, a Guangdong, lardin da Guangzhou take, za ka iya cin abincin daren gaba ɗaya ba ka ga jiaozi ko ɗaya ba. Can kaza ce sukutum da kai da ƙafafu, alamar cikar iyali, da kifi, da niangao.

Anti Zulai:
Haka ne, kudu ƙasar shinkafa ce, arewa ta alkama. Niangao sunansa yana kama da "shekara mai ɗaukaka". Irin na Guangdong: garin shinkafa mai danƙo gram 400, jan sukari gram 300, ruwa mililita 350. A narkar da sukarin a ruwan zafi, a bari ya huce, a dama da garin, a tace don kada a samu gudaji. A shafa mai a kwano, a zuba, a rufe samansa don ruwan murfi kada ya ɗiga ya ɓata fuskar, a turara awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ba a yanka shi ranar, zai manne wa wuƙa. Sai ya kwana ɗaya ko biyu ya yi tauri, a yanka fale-fale, a tsoma a ƙwai, a soya a wuta kaɗan. Garin shinkafar tuwo ba zai ba da wannan danƙon ba, irin shinkafar daban ce.

Kifi kuwa arewa da kudu duk suna sa shi. Yu, kifi, sautinsa ɗaya da rara. Ana kawo shi da kai da jela, kan yana fuskantar babba a gidan ko babban baƙo, kuma ba a cinye shi, dole a bar saura ya tsallaka sabuwar shekara. Idan an gama gefe ɗaya ba a juya shi, ƙashin ake ɗagawa a ci na ƙasa. Wannan daga masunta ya samo asali, juya kifi kamar kifewar jirgin ruwa ne.

Ustaz Bello:
Wanda aka gayyata irin wannan zama ya san abu huɗu. Naman jiaozi na yau da kullum na alade ne sai an faɗa akasin haka. Kifi da kaza ma ana yawan sa musu giyar girki, liaojiu, don kashe ƙarni. Tangyuan, ƙananan curin garin shinkafa mai danƙo, irin mai baƙin riɗi a ciki, a girkin gargajiya da kitsen alade ake haɗa shi. Sannan wasu gidaje suna fara ajiye abincin a gaban allunan kakanni da turaren tsinke kafin a ci. Kalmar da za a nema ita ce qingzhen, ita ce halal a wurin Musulmin ƙasar. Ƙabilar Hui kaɗai sun haura miliyan 11 a ƙidayar 2020, saboda haka mai masauki ba zai yi mamakin jin kalmar ba. A faɗa masa tun kwanaki kafin ranar, ba a kan tebur ba. Idan aka zo ɗaga kofi, shayi a madadin giya abu ne karɓaɓɓe a al'adarsu, kuma ƙarami yana sauke bakin kofinsa ƙasa da na babba.

Alhaji Sabo:
Allah ya saka, Ustaz. To jan ambulan fa? Nawa ake sawa, wa ke ba wa?

Sani:
Hongbao ke nan Alhaji, a Guangdong lai si. Manya ke ba yara, ma'aurata ke ba marasa aure, mai gida ke ba ma'aikata, 'ya'yan da suka kama aiki kuma suna ba iyaye da kakanni. Sababbin takardun kuɗi ake sawa, shi ya sa bankuna ke cika a makon ƙarshe. Ban da tsaba, ban da tsohuwar takarda mai lanƙwasa.

Adadi: lamba mai cika biyu-biyu, 200, 600, 800. Takwas ana sonta don sunanta a Sinanci, "ba", yana kama da "fa", yin arziki. Shida na nufin komai ya tafi sumul. A guji duk abin da ke da 4, don sunanta, si, yana kama da kalmar mutuwa. A guji 250, a bakinsu zagi ne, ma'anarsa wawa. Ambulan fari na ta'aziyya ne, kada a kuskura. Ana bayarwa da hannu biyu, ana karɓa da hannu biyu, ba a buɗewa a gaban mai bayarwa.

A Guangdong kuɗin kaɗan ne amma mutanen da yawa: yuan (kuɗin ƙasar) 10, 20, 50, ga mai gadi, mai shara, ma'aikacin gidan abinci. A wasu larduna ɗaruruwa ake sa wa ɗan ɗan'uwa. Tun 2014 kuma manhajar WeChat ta shigo da ambulan na waya, iyakarsa yuan 200 a kowane guda.

Hajiya Rabi:
A haɗa da tsaraba. Agogon bango haramun ne a al'adarsu, don "ba da agogo", song zhong, sautinsa ɗaya da raka mamaci. Lema, san, tana kama da watsewa. Ɗan itacen da suke kira li yana kama da rabuwa. Wuƙa da almakashi yanke zumunci ne. Hula kore ga namiji cin fuska ne, tana nufin matarsa na cin amanarsa. Abin da ba ya ɓaci: lemon tanjirin, ganyen shayi mai kyau, dabino, a ninka biyu, a naɗe da ja ko ruwan zinari. Idan ya ƙi karɓa sau ɗaya ko biyu kara ce, a sake miƙawa.

Nura:
Daren kansa ba a kwanciya da wuri, shousui suke cewa, gadin shekara. Tun 1983 tashar talabijin ta ƙasar, CCTV, ke gabatar da shagalin daren daga ƙarfe 8 har bayan 12. Da sha biyu ta buga sai nokawut da wasan wuta. Tatsuniyar ita ce wani dodo mai suna Nian yana fitowa ƙarshen shekara, kuma yana tsoron ja, wuta da ƙara. Amma manyan birane sun takura abin saboda gobara da hayaƙi. Beijing ta hana a 1993, ta sassauta bayan shekara 12, ta sake tsanantawa daga 2018. A Fabrairun 2009 wasan wuta ne ya cinna wa wani dogon bene wuta a harabar sabuwar hedikwatar CCTV, a daren ƙarshe na bikin. Baƙo kada ya ga ana yi a ƙauye ya saya ya kunna a birni, akwai tara.

Malam Habu:
Kwanakin bayan nan kowanne da hukuncinsa. Ranar ɗaya: sababbin kaya, gaida manya, ba shara, ba zubar da bola, ba wanke kai, ba faɗa, ba ambaton ciwo ko mutuwa. Idan kwano ya fashe sai a yi maza a ce "sui sui ping an", lafiya shekara da shekaru, don sui na fashewa da sui na shekara sauti ɗaya ne. Ranar biyu matan aure ke zuwa gidan iyayensu da miji da yara. Ranar uku ana cewa ranar saɓani ce, da yawa ba sa ziyara. Ranar biyar ake kwashe sharar da ta taru, a tarbi abin bautar dukiya, shaguna su fara buɗewa, masu rawar zaki su bi ƙofa ƙofa. Mutum biyu ne a cikin zakin, ana rataye latas da jan ambulan a saman ƙofa, zakin ya miƙe ya cafko, ya watsa ganyen, ya riƙe ambulan. Ranar 15 bikin fitilu, a ci tangyuan, a warware kacici-kacicin da aka rataya a jikin fitilu. Nan aka rufe. A arewa wasu ba sa aski duk watan farko sai 2 ga wata na biyu, shi ya sa shagunan aski ke cika kafin biki.

Gaisuwa: "xinnian kuaile" ko "guonian hao". Ga ɗan kasuwa "gongxi facai", fatan arziki, a Guangzhou da Hong Kong "kung hei fat choi".

Alhaji Sabo:
To mu da ke jiran kaya, yaushe ne rufewar ta gaskiya?

Sani:
Kada a bi hutun gwamnati, Alhaji. A 2025 kwana 8 ne, 28 ga Janairu zuwa 4 ga Fabrairu, amma wannan na ofis da banki ne. Ma'aikatan masana'antun Guangdong da Zhejiang yawancinsu daga larduna masu nisa suke, Sichuan, Henan, Hunan, Guizhou. Zirga-zirgar bikin, chunyun, kwana 40 ce, 15 kafin ranar da 25 bayanta, kuma tikitin jirgin ƙasa a manhajar 12306 ƙarewa yake cikin mintuna. Saboda haka ma'aikaci yana tafiya ranar da ya samu kujera. Masana'anta tana fara raguwa mako biyu kafin biki, masu rini da masu yin zif da maɓalli sukan riga kowa rufewa, kuma da ɗayansu ya rufe mai ɗinki ya tsaya ko da yana da mutane. Babbar kasuwar Yiwu sai wajen 12 ga watan farko take buɗewa. Ma'aikata da yawa sai bayan bikin fitilu suke dawowa, wasu ma ba sa dawowa, lokacin sauya aiki ne. Kayan farko bayan biki sababbin hannu ne suka yi su, kayan ƙarshe kafin biki kuma cikin gaggawa aka yi su. Duka biyun a sa a buɗe kwali a duba kafin a loda.

Batun bashi kuma: al'adarsu ce a shiga sabuwar shekara ba bashi a wuya. Mai masana'anta dole ya biya albashi da kyautar ƙarshen shekara kafin mutanensa su tafi, shi ya sa yake matsa wa mai saye ya cika ragowar kuɗi. Wanda ya biya kafin Chuxi ya sayi mutunci. A cikin kwanakin bikin kuwa ba a tambayar bashi, ba a aika saƙon ƙorafi.

Malam Habu:
Ga wani lissafi da ya shafi masu kayan sallah kai tsaye. Watan da ke buɗe shekararsu a 2026, 2027 da 2028 shi ne jinjirin Ramadan. Wato ranar da suka rufe ƙofa, mu muna shirin ɗaukar azumi, kuma lokacin da injinansu suka dawo sosai sallah ta zo. Kwantena daga Guangzhou ko Ningbo zuwa Legas tana cin wata ɗaya da rabi ko fiye a ruwa, ban da fitarwa daga tasha da hanyar Kano. Don kayan ƙaramar sallar 2027, wadda za ta faɗo wajen 10 ga Maris, a ba da kafin alƙalami a Oktoba, kaya su hau jirgi kafin tsakiyar Disamba. Wanda ya kai Janairu zai tarar da kuɗin jirgi ya hau, gurbi ya yi wuya, direbobin da ke kai kwantena tasha sun fara tafiya gida.

Alhaji Sabo:
Na gode Malam, na gode jama'a. Na babbar sallah fa, a jira su dawo?

Sani:
Idan ta jirgin ruwa ne kada a jira, Alhaji. Babbar sallar 2027 tsakiyar Mayu ce, su kuma sai ƙarshen Fabrairu za su kama aiki, kwanakin ba za su isa ɗinki da teku da tasha ba. A haɗa odar biyu tun Oktoba, ta biyun ta fita a Janairu ko da kuɗin jirgi ya ɗan fi. Abin da ya rage bayan biki a bar shi ga kaya marasa nauyi da za su iya biyo jirgin sama.